Idon Rasha, Kan Japan, Zoben Malbaza

Ku matso kusa, ku da ke cewa hoto ba sana'a ba ne, latsawa ce kawai. Shekaranjiya ɗayanku ya zo nan da wani ɗan zobe baƙi da ya sayo ta waya, wai adafta. Ya kwance idon wata kyamara ya ɗaura ma wata da ba jinsinsu ɗaya ba, abin ya ce ƙas, ya dube ni ya ce, "Baba Illo, ka ga an wuce zamaninku."  Ni na yi wanga haɗi tun iyayenku suna makarantar lakwal da gajeren wando, kuma sai da ya zaunar da ni gindin itacen bedi a gidan jandarma.

Wurin wani Bayarabe na koyi aiki, Baba Lasisi, shagonsa na bakin tashar Konni. Shekarun farko bai bar ni na taɓa kyamara ba. Nawa ɗibar ruwa ne, in tace shi da ƙyalle, in wanke hotuna, in shanya su a igiya kamar mai kilishi. Sai gyara wa mutane zaman hula, da ɗaura musu agogon shago wanda bai taɓa tafiya ba, da riƙe labulen da aka zana wa jirgin sama kada iska ta kwashe shi. Abin da ya fi maimaita mini shi ne, "Illo, kyamara abu biyu ce, kai da ido. Kai akwati ne kawai. Ido shi ke gani." Da tsufa ya kama shi ya koma garinsu, ya bar mini labulen, da agogon, da kyamararsa ƴar Rasha. Nauyinta kamar na ɗan turmi. In ka latsa, ƙararta kamar an bugo ƙyauren kwano, jarirai su tsala ihu. Amma idonta, in ya dubi tsoho, har tsagen fuskarsa da ya shafe sai ya fito. Murɗa shi ake yi a jikinta, yadda ake murɗa murfin kwalba.

Shekarar da ruwa ya ƙi, aka kuma rufe iyaka, ita ce shekarar da kyamarar ta mutu mini. Ina kasuwar Dogarawa ina ɗaukar wani mai sayar da jaki, na latsa, maimakon ƙarar da na saba sai na ji fiii, kamar an yage tsumma. Akwai wani ɗan labule baƙi a cikin kyamara, shi ke buɗewa ya rufe haske ya shiga. Zafi ya cinye shi, ya rabu biyu. Mai gyaran irinta yana Sakkwato, ga Sakkwato nan kusa, amma a shekarar nan ta fi Makka nisa. Na dawo gida da ido lafiyayye da mataccen kai. Rumbu ba hatsi, gida ga bakuna.

Ana haka sai wani ajidan, wato mai muƙami cikin jandarmomi, ya zo shago. Hamani sunansa, Bazabarme, dogo, mai gashin baki kamar ƙahon rago. Ya ajiye jaka bisa teburi ya fiddo kyamara ƴar Japan, sabuwa fil, sai dai inda ido ya kamata ya zauna rami ne kawai.

"Ɗiyata ta ƙwanƙwasa goro da idon," ya ce. "An ce kai kana da ido ba kai. Ni ina da kai ba ido."

"Ranka shi daɗe, ba jinsinsu ɗaya ba."

"Ni da matata ma ba jinsinmu ɗaya ba, Ba'adara ce, ga mu nan muna zaune. Ka riƙe, ka ci abinci da ita. Abu guda nike so. Ranar bikin ƙasa ni zan ja mutanena a defile, wato fareti. Ka ɗauke ni ina tafe gaba, suna biye. Tsohuwata tana ƙauye, ba ta yarda ba cewa akwai masu bin umarnina."

Na ce to. Mai yunwa ba ya duba bakin tukunya.

Da ya tafi na gwada. Bakin ƴar Japan ba na murɗi ba ne, ƙugiyoyi gare shi, a tura a juya kaɗan ya kama. Idon Rasha ya shiga ramin yana lilo kamar ludayi cikin tulu. Na naɗe su da robar cikin tayar keke, na ɗauki maƙwabcina tela don gwaji. Haske ya ɓulla ta gefe, ya fito kamar mutumin da gobara ta kama wa kunne.

Sai aka kwatanta mini Ɗan Ladi mai tur a Malbaza. Tur injin ne da ke juya ƙarfe ana fere shi, kamar yadda ake fere rake. Shi ke yi wa injinan niƙa da famfunan rijiya kayan gyara tun daga Dogarawa har Bazaga. Na hau motar kasuwa na same shi baƙi ƙirin da mai. Na yi masa bayani: zobe nike so, cikinsa murɗi irin na Rasha, bayansa ƙugiyoyi irin na Japan. Ya juya kayan a hannu, ya leƙa, ya hura, ya ɗauko wani guntun tagulla na tsohon famfo.

"Amma Malam Ɗan Ladi, siriri nike so. Kamar ɓawon albasa."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Ka taɓa jin abin da na ƙera ya karye?"

"A'a."

"To, ba kanka za a fara ba."

Aikin ya yi kyau, ban hana shi ba. Ido ya murɗu, ƙugiya ta kama, ba ko ɗigon haske da ke ɓulla. Sai dai kaurin zoben ya kai na awarwaron amarya. Na ɗaga kyamara na leƙa. Ga fuskar Ɗan Ladi tar, har gumin hancinsa. Na juya wajen titi. Babu titi. Babu mota, babu bishiya, babu Malbaza, sai wani abu kamar kunun da aka dama da ruwa da yawa.

Ga abin da ku ba ku sani ba, don naku zoben injin ya auna shi. Kowane ido akwai nisan da aka yi shi ya zauna daga fim. In ka tura shi gaba ko da kaurin ƙwayar gero ne, ya daina ganin nesa. Nawa an tura shi kaurin wake. Iyakar ganinsa tsawon hannu, daga nan duniya ta ƙare. Na tsuke ramin haske iyakar tsukewa, ya ƙara mini ɗan taki, shi ke nan.

Abin mamaki, ita ta ciyar da mu. Shekarar yunwa kowa tafiya yake nema, mai tafiya kuwa sai da kardantite, katin shaida, kati kuwa kai kawai yake so. Samarin Bazaga su cika shago, in matso har muna shaƙar numfashin juna in latsa. Wani ya ce mini, "Mai hoto, ɗauka za ka yi ko duba mini haƙori?"

Rikicin yana wajen mai son a ɗauke shi tun daga kai har ƙafa. Hajiya Kulu ta Dogarawa, mai sayar da atamfa, ita ta fara. Mace ce gajera, mai faɗi, mai murya. Ta zo da sabon leshi da takalmi mai ƙyalli, ta ce za ta aika wa ƙanwarta a Abijan, kuma in takalmin bai fito ba kada ma in wanke. Na tsayar da ita jikin labule. Na ɗauki kai. Na ɗan rusuna na ɗauki ƙirji. Na durƙusa na ɗauki ƙugu, na ɗauki gwiwa, na kwanta rub da ciki na ɗauki takalmi.

"Wanga wace irin gaisuwa ce?" ta ce.

"Sabon yayi ne, Hajiya, daga Japan."

Na wanke su, na yanka da reza, na jera bisa kwali na liƙe da ƙaro. Zanen leshin iri ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, ban gane inda wani ya ƙare wani ya fara ba, sai na bar kowane da tsawonsa. Hajiya ta fito siririya, doguwa kamar giginya. Ranar da ta zo karɓa na tsaya kusa da ƙofa don gudu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Yau dai aka samu wanda ya gan ni yadda nike." Kafin wata ya ƙare, duk wani gajere tsakanin Konni da Malbaza ya san shagona. Har akwai mai cewa, "Ka ƙara mini gwiwa guda, neman aure za ni."

Saniyar Bappa Umaru ita ce ban manta ba. Bafillace ne daga wajen Bazaga, fari ya cinye masa garke, sai saniya guda ja, ita ma ya kawo ta kasuwa tun ba ta faɗi ba. Kafin ya miƙa igiya ga mahauta ya zo ya ce in ɗauke masa ita. Mutum ka ce masa ya tsaya ya tsaya, saniya fa? Na ɗauki kai, ta matsa. Na ɗauki tozo, ta juya. Na bi ta ina zagayawa, tana kaɗa mini wutsiya a fuska, ƴan kasuwa sun yi da'ira suna ba ni shawara. Da na haɗa ta bisa kwali, ƙafa shida ta fito da su. Na rasa wacce zan cire, don kowace tata ce. Bappa Umaru ya zo ranar kasuwa ta gaba, ya sa yatsa ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi.

Na ce, "Bappa, bari in rage biyu."

Ya riƙe mini hannu. "Bar mata. Tafiyar da nagge nan ta yi bana neman ciyawa, huɗu ba su isa ba." Ya naɗe kwalin cikin rawaninsa ya tafi.

Sai ranar defile ta zo. Na so in faɗa wa ajidan gaskiyar kyamarar tun kafin nan, amma duk sanda na je sai in tarar yana murza gashin baki yana tambayata ko ya fi kyau ta dama ko ta hagu. Fili ya cika. Ga rumfar manya can gaba, kumandan, ubangidan ajidan, na zaune da baƙinsa. Ga mai babbar ganga tsaye gefen hanya. Ƙa'idarsu ita ce, in sun iso daidai rumfa, ya yi bugu ɗaya mai ƙarfi, su tsaya cak, su juya dama, su sara.

Jandarmomi suka taso, ajidan a gaba, ƙirji waje. Sauran masu hoto suna can bakin igiya. Ni kuwa in na tsaya can, kunu zan ɗauka. Na sunkuya ta ƙarƙashin igiya na shiga fili, na tsaya gabansa tsawon hannu, na fara tafiya da baya. Ya taka, in ja. Ya taka, in ja. Ba a yi nisa ba ƙafata ta kama kiɗan, muka zama kamar masu rawa. Mutane suka ɗauka cikin shirin ne, suka fara tafi.

Soja a layi ba ya magana, sai ta cikin haƙora. "Kauce!"

"Ranka shi daɗe, kai ka ce in ɗauke ka."

"Daga nesa, ɗan banza!"

"Ba ta gani daga nesa."

"Mi?"

"Ɗaga haɓa kaɗan."

Wallahi ya ɗaga. Na latsa. Na ce bari in karkata in samu galon muƙamin da ke kafaɗarsa. Na karkata, ina ja da baya, ina ja, ban san na bar tsakiyar hanya ba. Mai ganga ya ɗaga sanda ke nan na faɗa wa gangar da mazaunai. Dum!

Suka tsaya cak. Suka juya dama. Suka sara. Rumfar manya tana can gaba da sauran tafiya. Wadda ke damansu wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai. Ta dubi jandarmomi jere suna sara mata, ta ajiye matsami, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Sannunku da rana, ƴaƴana."

Shi ne zaman gindin bedi da na faɗa muku. Ba a taɓa ni ba, ba a kulle ni ba, an dai nuna mini benci. Da la'asar ajidan ya fito. Na riga na aika an wanke fim, na miƙa masa abin da aka samu: gashin baki, rabin hula, maɓalli biyu, da ƙofar hanci guda mai kyau ƙwarai.

"Wanga zan aika wa tsohuwata? Ta ce hancina ke bin umarnina?" Ya juya hotunan a hannu. "Kumandan ya yi dariya har ya ƙware, shi ya cece ka. Juma'a mai zuwa zan sake jera mutanena bayan gidan nan. Ko ka fiddo mu duka, ko ka maido mini kaina."

Na koma Malbaza na roƙi Ɗan Ladi ya rage kaurin zoben. Ya ce shi ƙera abu yake yi, ba ya lalata abu. Na dawo gida na ari dutsen niƙan tsohuwata. Na zuba ruwa da ɗan yashi mai laushi, na kifa zoben, na yi ta gurzawa. In gurza, in wanke, in ɗaura, in fito ƙofar gida in leƙa. Ran farko na ga katangar maƙwabta. Washegari na ga akuyar da ke bayan katangar. Mata suka riƙa leƙowa suna tambayar ko tuwon tagulla za a ci yau. Ranar Alhamis na leƙa sai ga hasumiyar masallaci, har da tantabarun da ke bisa. Na yi hamdala.

Sai dai dutsen niƙa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kwari gare shi a tsakiya, hannun dama kuma ya fi na hagu ƙarfi. Gefe guda na zoben ya fi ɗaya cinyewa, ido ya zauna a karkace kamar hular ɗan tauri. Rabin hoto na hagu tar har ƙarshen gari, rabin dama hazo. Ga Juma'a ta iso, ba sauran tagullar da zan gurza.

Na je. Na ce wa ajidan sabon tsari ne, shi ya tsaya nan hagu, mutanensa su jeru su yi dama. Suka ɗaga ƙafa guda kamar masu tafiya, suka daskare a haka cikin rana, wani kofur mai tumbi yana tangaɗi. Na latsa. Da na wanke, ga ajidan kamar ka kira shi ya amsa. Na kusa da shi ana gane shi. Na biye da shi sai danginsa. Daga nan sai inuwoyi masu huluna, suna narkewa har bakin takarda, ba ka sanin inda suka ƙare.

Na kai masa ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya riƙe hoton nesa, ya matso da shi, ya murza gashin baki.

"Mutum nawa ke bayana a nan?"

"Ranka shi daɗe, ba su ƙirguwa."

"Ba su ƙirguwa," ya maimaita a hankali. "Wanke mini manya guda uku."

Daga baya ya ce mini tsohuwar ta rataye shi a zaure, tana faɗa wa baƙi ɗanta ke riƙe da rabin sojan ƙasa, sauran ƙurar tafiyarsu ce ta rufe su.

Na yi shekaru ina aiki da ita a haka. In an zo hoton taro, masu biki su zauna hagu, ƴan cin shinkafa su yi dama. Har mutanen Konni suka gane, ana rububin hagu, wani ya ce wa wani, "Kai ko a hoton Illo dama kake."

Bayan an buɗe iyaka da daɗewa aka yi wa ajidan canjin wurin aiki, can gabas mai nisa. Ya zo shago da safe, mota na jiransa da kaya, ya ce ya samu mai kawo masa ido na ainihi daga Yamai, in ba shi kansa. Gaskiyarsa ce. Na kama idon na murɗa. Ya ƙi. Zufa da ƙura da shekaru sun haɗa tagulla da ƙarfe sun zama abu guda. Na ɗiga man keken ɗinki. Ya riƙe kai, na riƙe ido, muka ja kamar masu raba faɗan raguna. Direba ya kawo filaya, ajidan ya ce in ya kuskura ya taɓa rabinsa sai ya kwana a ɗaure. Muka so aika wa Ɗan Ladi saƙo ta wani direban Malbaza da ke tasha, ya ce ba sai an je ba, ya san amsar da za a ba shi: abin da Ɗan Ladi ya haɗa ba ya rabuwa.

Ajidan ya share gumi, ya dubi kyamarar, ya dube ni.

"In na tafi da ita na sace maka ido. In na bar ta ka sace mini kai."

"Haka ne, ranka shi daɗe."

"To, ba kyauta ba ce. Ajiya ce. Daga zoben nan zuwa baya nawa ne. Kada ka bari kowa ya taɓa mini."

Ya ɗaga hannu ya sara, ban sani ba ko ni ya sara wa ko rabinsa, ya shiga mota.

Ga ta can bisa kanta, cikin jan ƙyalle. Ɗauko ta ku gani, amma ku riƙe ta ta wajen ido. Bayan ba nawa ba ne, mai shi bai zo ba tukuna.